Na Samu Gurbin Karatun Wasan Kwaikwayo a Landan, Amma Baba Ya Ƙi

Assalamu alaikum, Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 25 daga Jihar Kano. Na yi digirina na farko a fannin wasan kwaikwayo a wata jami'a ta Arewa, na gama hidimar ƙasa, yanzu kuma ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, inda nake rubuta wasanni ina horar da matasa su je ƙauyuka su gabatar, a kan haihuwa a asibiti da karatun 'ya'ya mata. Wata makaranta a Landan ta ba ni gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin amfani da wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, amma ba ta ba ni tallafi ba. Kuɗin makarantar ya haura fam 20,000, kuma suna so in biya kafin alƙalami nan da mako shida. Baba ya ce tun farko ma a kan dole ya bari na karanci wannan fanni, ba zai kuma bari 'yarsa ta ƙetare teku don ta koyo rawa da sumbatu ta dawo 'yar fim ba. Tun ranar bai sake yi mini maganar ba. Umma ta ce za ta sayar da gwal ɗinta da filin da ta gada in biya ba tare da ya sani ba, wai idan biza ta fito dole ya haƙura. Akwai kuma wanda aka yi mana baiko, ya ce ya amince in tafi, amma sai an ɗaura aure mun tafi tare ya nemi aiki a can. Ina son karatun nan kamar raina, ina kuma tsoron in gurbin ya wuce ni ba zan sake samun irinsa ba. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da wannan nasara, domin makarantar da ba ta san gidanku ba, ba ta san kowa naki ba, ta karanta aikinki ta ce ki zo, kuma wannan shaida ce da ba wanda zai ƙwace miki ko kin tafi bana ko ba ki tafi ba. Zan faɗa miki ra'ayina tun daga farko, sannan in kawo dalilai. Kada ki biya kafin alƙalamin nan da gwal ɗin Umma, kada kuma ki shirya tafiya a bayan idon mahaifinki. Ki nemi makarantar ta ɗage miki gurbin zuwa baɗi, ki yi amfani da shekarar wajen neman tallafi da kuma neman yardar Baba, domin su ne abubuwa biyun da ba ki da su a hannu yanzu.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne ba ya jin lallashi. Kuɗin makaranta rabin labarin ne kawai. Kafin Birtaniya ta ba ɗalibi biza, sai ya nuna cewa yana da kuɗin zama, wanda ga mai karatu a Landan ya haura fam 1,400 a kowane wata har na wata tara, wato sama da fam 13,000, kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da sun ragu ba. A kan wannan akwai kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekarar biza, da kuɗin bizar kanta da ya haura fam 500, da gwajin tarin fuka da ake wajabta wa masu zuwa daga Nijeriya, da tikitin jirgi, da kayan sanyi. Idan kika haɗa duka da kuɗin makarantar, abin ya doshi fam 35,000, wanda a canjin da ya kusa naira 2,000 kan fam ɗaya ya kai wajen naira miliyan 70. Ki zauna da takarda da alƙalami ki ƙiyasta abin da gwal da filin za su kawo a farashin mai sayarwa cikin gaggawa, wanda kullum ƙasa yake da farashin gaskiya, za ki ga ko rabi sun kai.

Na san abin da ake faɗa wa ɗalibai, cewa in dai an sauka, aiki zai cike giɓin. Bizar ɗalibi tana ba da damar aikin awa 20 ne kawai a mako lokacin zangon karatu, kuma akwai wani sharaɗi da ya shafe ki fiye da ɗalibin lissafi ko injiniya: mai wannan biza ba a yarda ya yi sana'ar nishaɗantarwa don a biya shi ba, ba a kuma yarda ya yi aikin gashin kansa ba, in ban da wasan da yake cikin manhajar karatunsa. Ma'ana, abin da kika fi iyawa shi ne ba za ki iya sayarwa a can ba. Abin da zai rage miki shi ne aikin kanti ko na kula da tsofaffi, ga karatun da ke cin yini guda wajen atisaye da zuwa aikin gwaji. A shekarar 2024, bayan darajar naira ta faɗi, an ga ɗaliban Nijeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila da aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, alhali sun tafi da lissafin da suke ganin ya isa. Ba na so ki tsinci kanki a watan Fabrairu, cikin sanyin Landan, da rabin digiri a hannu, ga bashi, ga filin Umma ya riga ya zama na wani.

Game da Umma, tayin da ta yi miki ƙauna ce tsantsa, kuma dukiyarta ce, tana da ikon yin abin da ta ga dama da ita. Amma ki duba abin da shirin zai jawo mata. Ranar da Baba ya gane an sayar da fili an nemi biza a ɓoye, ba maganar karatunki za a ƙara yi a gidan ba, maganar amana tsakanin miji da mata za a yi, ke kuma kina can nesa, ita ce za ta zauna da wutar. Gwal ɗin mace a gidan Bahaushe shi ne ajiyarta ta ranar ciwo da ranar aurar da 'ya, ba a taɓa shi sai an rasa kowace hanya, ke kuwa ba ki ko fara ƙwanƙwasa sauran ƙofofin ba. Ki gode mata, ki ce ta riƙe kayanta, ki roƙe ta wani taimakon da ya fi wannan amfani, wato ta gaya miki wane ne Baba ba ya iya yi wa musu a cikin 'yan'uwansa da abokansa.

Yanzu ga Baba, wanda a nan nake so mu daɗe. Maganarsa ta yi miki zafi, na sani, musamman da yake shekarun da kika yi kina wahalar karatu ya dunƙule su a kalma ɗaya, 'yar fim. Amma kada ki ɗauke shi a matsayin wanda bai san abin da yake faɗa ba. Ya ga yadda ake yi da sunan matan da suka fito a fim a garinku, ya ga yadda magana ɗaya a Facebook ke iya rusa baiko, kuma abin da yake zato game da makarantun wasan kwaikwayo na Turai ba duka ne ƙarya ba. Makarantun da ke horar da 'yan wasa zalla, irin su RADA da aka kafa a 1904 da LAMDA da ta girme ta, suna koyar da murya da motsa jiki da fitowa a dandamali, ana shiga ne ta hanyar gwaji inda mai nema zai haddace jawabi daga tsofaffin wasanni da na zamani ya gabatar, kuma a azuzuwansu akwai haɗa jiki tsakanin maza da mata, akwai sa tufafin motsa jiki, akwai wasannin soyayya. Da irin wannan gurbi kika samu, da amsata ta bambanta, da na ce ki yi wa kanki tambayoyi masu nauyi kafin ma a kai ga Baba.

Abin da kika nema wani abu ne dabam, kuma ina zargin ba wanda ya taɓa zama ya bambance masa. Fannin da ake koyarwa a wurare kamar Royal Central School of Speech and Drama, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Landan, na amfani da wasa a cikin al'umma, yana horar da mai jagorantar taro ne, wanda zai shiga makaranta ko asibiti ko gidan yari ko sansanin 'yan gudun hijira ya sa mutanen wurin su buga matsalarsu da kansu, su tattauna mafita. Mai wannan ilimi yawanci yana gefen fili ne da littafin rubutu, ba a gaban kyamara ba. Wannan kuwa shi ne aikin da kike yi yanzu, kike karɓar albashi a kansa, Baba kuma bai hana ki ba.

Saboda haka shawarata ita ce ki daina yi masa bayani da baki, ki nuna masa. Ki nemi baffanki ko kawunki, ko amininsa da Umma za ta ambata miki, ki gayyace shi ranar da ƙungiyarku za ta fita ƙauye. A ba shi kujera kusa da mai gari, ya ga yadda ake share fili a ƙofar fada, mata a gefe guda da goyo, dattawa a kan tabarma. Ya ga wasan da mace ke naƙuda tun dare, mijinta ya tafi cin kasuwa, uwar miji ta ce ba mai fita da ita sai da izininsa, ya ga lokacin da ake tsayar da wasan a tambayi jama'a me ya kamata a yi, sai wani dattijo ya miƙe ya ce ai shi tun cikin matarsa yana wata bakwai yake barin izini da kuɗin mota a hannun ƙaninsa, liman kuma ya ƙara da nasa. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, ya ga 'yar ɗan'uwansa cikin hijabinta tana tafiyar da taron da dattawa ke sauraro, shi ne zai iya zama da Baba bayan sallar isha ya yi masa maganar da ke ba za ki iya ba.

Idan za a yi zaman, akwai abin da ya dace a tuna masa cikin ladabi. Malam Aminu Kano, wanda ba Bakanon da zai kira shi mutumin banza, ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana malamin makaranta, ya yi amfani da su wajen sukar zalunci da jahilci, kuma shi ma ya je Landan ƙaro ilimi a 1946. Tashen da yara ke yi daga goma ga azumi, suna manna gemun auduga suna kwaikwayon tsoho, wanda na tabbata Baba ya sha ba su sadaka a ƙofar gida, shi ma wasan kwaikwayo ne mai gyaran hali. Amma ki ja kunnen mai kai maganar kada ya mai da zaman muhawara. Uba ba ya son a ci shi da hujja a gaban 'yarsa, ya fi son a ba shi hanyar da zai sauko da girmansa, misali ya kafa sharuɗɗa a karɓa.

Sharuɗɗan nan ki riga shi tanadar amsarsu. Ki rubuta wa shugaban kwas ɗin ta imel ki tambaya dalla-dalla ko akwai darasin da ke wajabta haɗa jiki da maza, ko za ki iya yin dukan atisaye da suturarki, da yadda ake yi da lokutan salla, da irin wuraren da ake tura ɗalibai aikin gwaji. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini a makarantu, don haka tambayar ba za ta ba su mamaki ba, kuma amsar da suka rubuta takarda ce da za ki iya fassara wa Baba. Ki nemi sanin masaukin mata zalla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar. Batun tafiyar mace ba muharrami kuwa, wanda ina jin yana cikin abin da ke ransa ko bai furta ba, ba ni ce zan yanke shi ba. Ku kai shi gaban malamin da Baba ya yarda da iliminsa, ba wanda ke kika zaɓo don kin san amsarsa ba.

Shi kuma wanda aka yi muku baiko, shirinsa ya ci karo da doka. Tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darasi su tafi da miji ko mata ko 'ya'ya, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Idan da kuɗinku kika tafi, ba zai bi ki a kan bizarki ba. Ki faɗa masa wannan kai tsaye, sannan ki saurara da kyau, domin amsarsa za ta nuna miki ko karatunki ya amince da shi ko tafiyar. Ba na zarginsa da komai, saurayi ya so fita neman arziki ba laifi ba ne, kuma yana iya yiwuwa kishi da tsoron rabuwar shekara guda ne suka sa ya kawo sharaɗin. Tambayar da ta fi ta Landan muhimmanci ita ce wadda ba ki ambata a wasiƙarki ba: bayan aure, zai bar ki ki ci gaba da fita ƙauyuka da tawagar da akwai maza a ciki, wani lokaci har da kwana? Idan ya ce e, a faɗe ta a gaban waliyyai kafin ɗaurin aure. Idan ya yi shiru ko ya ce sai an gani, to digirin Landan ma da kika ɗauko a akwati zai zauna.

Tsoronki na cewa gurbin ba zai dawo ba, shi ne mafi sauƙin amsawa. Makarantu da dama suna ɗage gurbi na shekara ɗaya idan an nema da dalili, wadda ba ta yi kuwa za ki sake nema, kuma takardun da suka gamsar da su bana za su ƙara ƙarfi baɗi. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, an yi shi ne don digiri na biyu na shekara ɗaya irin naki, yana biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi. Ana buɗe nema a watan Agusta, ana so mai nema ya zaɓi kwas uku, ya kuma tara awa 2,800 na aiki, don haka ki fara lissafa naki tun yanzu ki karɓi shaida daga wurin aikinki. Yana da sharaɗin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa, wanda a wurin wasu takura ne, a wurinki kuwa hujja ce da za ta kwantar wa Baba da hankali. Akwai kuma tallafin Commonwealth, wanda wani ɓangarensa ke bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya a Abuja. Gasar tana da zafi, ba zan ɓoye miki ba, ana iya nema a rasa, shi ya sa ba a dogara da ɗaya.

Wajen rubuta takardar neman, kada ki gabatar da kanki a matsayin mai zuwa koyon abin da babu shi a gida. Wannan fanni yana da tushe mai zurfi a Zariya, inda tun shekarun 1970 malamai irin su Michael Etherton suka fara fita da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye, daga baya Farfesa Oga Steve Abah da abokan aikinsa suka ɗora, har aikin ya zama abin da ake karantawa a jami'o'in waje. Ke kina yin sa da Hausa, a wuraren da baƙo ba zai iya shiga ba. Ki fara tara shaida daga fita ta gaba: rubutun wasanninki, hotuna da bidiyo da izinin mutanen da ke ciki, adadin garuruwan da kuka je, da abin da ya canza bayan kun tafi, ko da mace ɗaya ce aka kai asibiti a kan lokaci.

Kada kuma Landan ta rufe miki ido. Jami'o'in wajenta sun fi sauƙin zama, domin kuɗin da ake nema a nuna bai kai fam 1,200 a wata ba. Jami'ar Leeds, inda Wole Soyinka ya yi karatu a shekarun 1950, ta daɗe da nazarin wasan kwaikwayon Afirka, Jami'ar Bristol kuma ita ce ta fara buɗe sashen wasan kwaikwayo a jami'o'in Birtaniya a 1947. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Wits da ke Johannesburg tana da sashen Drama for Life, wanda ya ƙware a daidai fanninki, kuma matsalolin da suke aiki a kansu sun fi kama da namu. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da tsohuwar makarantar fasahar wasanni, tafiyar ba nisa, ga Hausawan zango a Accra, abin da zai iya sa Baba ya fi sakin jiki. Akwai kuma hanyar yin digiri na biyu a Zariya ko a Bayero, sannan ki je gajeren kwas na bazara na 'yan makonni a waje, ko ki jira digiri na uku na bincike, wanda shi doka ta yarda a tafi da iyali.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan, tallafi ya fito, Baba ya ce har yanzu a'a. Idan haka ta faru za ki ji ciwo, kuma kina da haƙƙin jin sa, amma ko a lokacin ba zan ba ki shawarar tsallakewa ba, domin aikin da kika zaɓa aiki ne na shiga gidajen mutane da yardar iyaye da mazaje da masu gari, kuma labarin cewa kin bar gidanku ba da albarka ba zai riga ki isa kowane ƙauye. Sai dai ina ganin uban da ya bar ki kika yi shekara huɗu a wannan fanni duk da ransa bai so ba, ya kuma bar ki kina aiki da shi, ba mutum ne da ƙofarsa ke kulle ba. Maganar “ka ba ni miliyan saba'in in je koyon wasa” da maganar “gwamnatin Birtaniya ta zaɓi 'yarka za ta biya komai, ta kuma sharɗanta ta dawo gida” ba ɗaya ba ne a kunnen uba, balle a majalisarsa.

A wannan makon ki aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel, ki gode musu, ki ce kina neman tallafi, ki tambaya ko za a ɗage gurbin zuwa baɗi, ko ɗagewar tana buƙatar biyan wani abu, ko kuma ana mayar da kafin alƙalami idan biza ba ta fito ba, kuma ki nemi amsar a rubuce. Ki gaya wa Umma ta mayar da gwal ɗinta ma'ajiyarsa. Sannan ki je ki gaida Baba da safe kamar yadda kika saba, ba tare da kin tayar da maganar ba, har sai baffanki ya dawo daga ƙauye. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ki kuma rubuto mini abin da makarantar ta ce.